Tarihin Jihar Ohayo: Jinin Masu Bi da Fitilar Fasto Rankin

'Yan'uwan da suka tashi a ekklisiyar EYN sun sha jin labarin sujadar da aka yi a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris, 1923. Cikin 'yan mishan biyu da suka yi sujadar, ɗaya, watau Albert Helser, mutumin jihar Ohayo ne ta ƙasar Amurka. To, jihar nan tana da wani tarihi da ya kamata kowane mai bi ya sani.

Tun kafin zuwan Turawa akwai ƙabilu a ƙasar, irin su Shoni da Dalawa. A shekarar 1772 wani mai wa'azi na ɗarikar Morabiya, David Zeisberger, ya zauna tare da Dalawan da suka karɓi bishara a bakin kogin Tuskarawas. Suka gina ɗakin sujada da makaranta, suka kuma ɗauki alkawari ba za su shiga yaƙin kowa ba.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Amurka, sai kowane ɓangare ya ɗauke su 'yan leƙen asiri. A 1781 aka kwashe su daga gonakinsu ƙarfi da yaji. Yunwa ta sa waɗansu suka koma garinsu Gnadenhutten don su girbe masarar da suka bari. A nan dakarun sa kai daga Fensilbaniya suka same su, suka ɗora musu laifin harin da wasu dabam suka kai. Mutanen suka kwana suna addu'a da waƙoƙin yabo. Kashegari, ran 8 ga Maris, 1782, aka kashe mutum 96: maza 28, mata 29, yara 39. Abin baƙin ciki, waɗanda suka kashe su daga garuruwan Kirista suka fito. Launin fata suka duba, ba su duba baftisma ba.

Bayan shekara 40, watau a 1822, wani fasto na ɗarikar Firesbiteriya mai suna John Rankin ya sauka a garin Ripley, a bakin kogin Ohayo. Ƙetaren kogin jihar Kentaki ce, inda doka ta yarda a mallaki baƙar fata. Rankin ya gina gida a kan tudu, da dare kuma yakan kunna fitila domin bawan da ya gudo ya san inda zai dosa. Shi da matarsa Jean da 'ya'yansu sun ɓoye ɗaruruwan bayi, suka sa su a hanyar Kanada. An kai wa gidansa hari, an sa kuɗi a kansa, bai kashe fitilar ba.

A garin kuma akwai John Parker, bawa wanda ya fanshi kansa. Shi kam ƙetare kogin yake yi cikin duhu ya fito da 'yan'uwansa, ko da yake dokar 1850 ta sa tara da ɗauri ga mai taimakon bawa. Labarin wata mata da ta bi ta kan ƙanƙarar kogin da jaririnta har ta isa gidan Rankin ya shiga littafin Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe a 1852, littafin da ya tada hankalin Amurka game da bauta.

Jama'ar Allah, ga jiha ɗaya, ga mutane iri biyu, dukansu kuwa da sunan Kristi ake kiransu. Mu ma a Arewa mun san ranar da gari ke rikicewa, a fara tambayar mutum ƙabilarsa kafin a tambayi laifinsa. Idan maƙwabcin da ba yarenmu ɗaya ba, ko ba addininmu ɗaya ba, ya buga ƙofa da tsakar dare, me za mu yi? Ubangiji ya ba mu zuciyar buɗewa. Amin.