Idan an gyara Nima, su wa za su zauna a ciki?

Duk wanda ya biyo Ring Road daga Circle ya nufi Danquah Circle zai ga benaye masu gilashi, bankuna da ofisoshi. To, ya karkata hagu daidai ofishin 'yan sandan Nima. Minti biyar a ƙafa, sai ga shi cikin lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa.

A irin wannan lungu aka haife ni, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ban-ɗaki kuwa sai na kuɗi a bakin gota.

A 2019 ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Samuel Atta Akyea, ya yi maganar rushe tsofaffin gidajen Nima a gina benaye. Har yau ba mu ga benen ba, amma maganar ba ta mutu ba, domin filin yana tsakiyar Accra, kusa da filin jirgi da fadar shugaban ƙasa. Masu kuɗi na kallonsa.

Ni ba na gaba da gyara. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka ci rayuka sama da 150 a Circle, ba zai ce a bar magudanan ruwa yadda suke ba. Gotar Nima ma can Odaw take zuba.

Damuwata zanen gidan ne. Tsakar gidanmu ba fili ba ce kawai. Nan Hajiya take dafa waakye tun kafin asuba, da shi ta biya mana kuɗin makaranta. Nan ake suna, nan ake zaman makoki, nan yara ke karatun allo bayan magariba. Na tambaye ta ko za ta so ciki da falo a hawa na shida. Ta ce, "Kai yaro, tukunyar tawa wa zai hau da ita? Gawayin kuma a ina zan hura?"

Sai kuma maganar da aka fi gudu. Idan an rushe, mai gida ne ake ba diyya. Yawancinmu 'yan haya ne. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma wallahi shekara biyu ake nema ko'ina. Wanda ya rasa ɗakinsa a Nima, sai Kasoa ko Ashaiman, kullum yana cikin trotro, kasuwar Laraba kuma ta yi masa nisa.