Kafin a kai iyali Yamai: yadda ake zaɓen unguwar zama

Kowace shekara, idan an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, magidanta da yawa daga jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan nufi Yamai neman abin rufin asiri. Wasu cin rani kawai suke zuwa, da hadari ya fara haɗuwa sai su koma gonakinsu. Wasu kuwa sukan sami sana'a mai ɗorewa, har su yi niyyar ɗauko iyali. Namiji shi kaɗai ko a rumfar kasuwa yana iya kwana, amma mai mata da ƴaƴa dole ya nemi mazauni. A kan wannan ne muke son yin bayani a yau.

Yamai ta zama babban birnin ƙasarmu a 1926, bayan an ɗauke mulki daga Damagaram. A ƙidayar 1988 mutanenta ba su wuce 400,000 ba, amma a ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Gari ya faɗaɗa da sauri, gidaje sun riga famfo da magudanun ruwa isa sababbin unguwanni. Saboda haka ɗaki biyu masu kama ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen lafiyar masu zama cikinsu. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: kuɗin haya ba shi ne dukan tsadar gida ba. Ɗaki mai araha yakan karɓe sauran kuɗinsa ta wajen ruwa, mota da magani.

Da farko a dubi ƙasa: tudu ne ko kwari?

Manomi ba ya karɓar gona sai ya san inda ruwa yake kwanciya. Haka ya kamata a yi wa gida. Kogin Isa ya raba Yamai biyu, kuma sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko takan zo a watannin Agusta da Satumba, da jan ruwan da ƙoramu irin su Sirba, Dargol da Goruwal suke kwararowa daga wajen Burkina Faso. Ta biyu takan zo a lokacin sanyi, da ruwan da ya taso daga Gine ya ratso Mali. A shekarun nan ta farkon ce ta fi ɓarna, domin takan zo da sauri, ga kuma yashi da ya cike cikin kogin.

An yi ambaliya a 2010 da 2012. A watan Satumba na 2020 ruwa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ganuwar da ke kare Lamorde ta fashe. Ruwa ya shiga gidaje a Lamorde, Karaje, Zarmagande da Kirkisoy, a ƙetaren da ake kira Harobanda, ya kuma taɓa Saga da Gamkale a wannan gefen. Iyalai da dama sun koma kwana cikin azuzuwan makaranta. Ba bakin kogi kaɗai ke da haɗari ba: ƙoramar Gunti Yena da ta ratsa tsakiyar gari ita ma takan cika idan an yi ruwa mai ƙarfi.

Wannan ba ya nufin a guji Harobanda baki ɗaya. Can ne jami'a take, can ne asibitin Lamorde yake, kuma tun da aka ƙara gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021 a kan gadar Kenedi ta 1970, ƙetarewa ta yi sauƙi. Cikin unguwa guda akwai tudu, akwai kwari. Mutanen Maraɗi sun san wannan darasi: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ne garinsu ya tashi daga fadama ya hau tudu.

Lokacin da ya fi dacewa a duba gida shi ne da damina, washegarin ruwa mai yawa. Idan da rani aka je, sai a dubi gindin bango. Shatar ruwa, danshi, sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa, ko buhunan yashi a bakin ƙofa, duk shaida ce cewa ruwa yana ziyartar gidan. Ginin laka da ruwa ya kwanta a gindinsa yana iya rushewa da dare a kan masu barci.

Kwari kuma gidan sauro ne. Unguwannin da ke dab da gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoy, ko kusa da kududdufi, sun fi fama da masassarar cizon sauro. Yaran da ke wanka cikin kwantaccen ruwa sukan kamu da tsargiya, wato fitsarin jini. Wanda ya zauna irin wannan wuri dole kowa a gidansa ya kwana cikin sange mai magani.

Ruwan sha da masai

Masana lafiya sun ce kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 20 na ruwa a rana don sha, girki da tsabta. Gida mai mutum 7 ke nan yana bukatar lita 140, wato jarka 7 masu cin lita 20. Inda babu famfo cikin gida sai a saya wurin ƴan ga-ruwa, kuma farashinsu ya fi na famfo nesa ba kusa ba. Idan ruwa ya yi tsada, uwar gida takan rage na wanke hannu da wanke kwanuka, daga nan zawo yake samun ƙofa.

Ganin famfo a tsakar gida bai isa ba. A wasu unguwannin gefen gari da ke kan tudu, da bazara ruwa ba ya zuwa sai cikin dare. A buɗe famfon a gani, sannan a tambayi matan gidan, domin su ne suka san gaskiyar lamarin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A leƙa masai kuma. Iyali nawa ne suke amfani da shi? Yana da murfi? Yana tumbatsa da damina? Idan akwai rijiya, ya zama tsakaninta da ramin masai akwai aƙalla mita 30. A dubi inda ruwan wanka yake fita, da nisan juji daga ƙofar gida.

Ɗakin kansa ya zama yana da taga, iska na shiga tana fita. Cunkoso cikin ɗaki marar iska yana taimaka wa tarin fuka, ƙyanda da sanƙarau wajen yaɗuwa. A 2015 sanƙarau ya yi ɓarna a Yamai har aka rufe makarantu na ɗan lokaci.

Lissafin hanya

Unguwanni irin su Plato da Kwara Kano sun fi ƙarfin talaka. Tsofaffin unguwanni irin su Bukoki suna kusa da kasuwar Katako da Babbar Kasuwa, sai dai akwai cunkoso. Can gefen gari, irin su Kwara Tegi, akwai sarari kuma haya ta fi sauƙi, amma akwai nisa. Kowace da amfaninta, kowace da aibinta. Alƙalami ne zai raba gardama.

Bari mu yi misali da kuɗin da muka ƙaddara don a fahimci lissafin. Ga ɗaki a gefen gari, jika 15 a wata. Mai gida yana biyan dala 100, wato sefa 500, kowace rana wajen faba-faba ko kabu-kabu. A kwana 26 na aiki jika 13 ke nan. Ruwa kuma dala 40 a rana, jika 6 a wata. Jimilla jika 34. Ga wani ɗakin kusa da wurin sana'a, jika 25, ana zuwa aiki a ƙasa, rabon kuɗin famfo jika 2. Jimilla jika 27. Mai arahar ne ya fi tsada, tun ba a sa kuɗin magani ba. Kowa ya sa nasa alƙaluman ya gwada.

Likita, makaranta da maƙwabta

Ciwon yaro da naƙuda ba sa jiran gari ya waye. A taka da ƙafa daga gidan zuwa asibitin unguwa a ga nisan, a kuma tambaya ko mota tana shiga layin da damina. A nan ne za a riƙa yin awon ciki da allurar rigakafi, don haka kada a baro katin yara a ƙauye. Makaranta ma a duba hanyarta: yaro ɗan shekara 7 bai kamata ya riƙa tsallaka babban titi shi kaɗai ba.

Zama kusa da dangi ko mutanen gari ɗaya yana da amfani, musamman ga matar da ba ta jin Zabarmanci tukuna. Tsakar gida mai ɗan fili kuwa dukiya ce: ana iya kiwon kaji ko akuya, a shuka zogale, idan mai gidan ya yarda.

Kafin a biya kuɗi

Masu gidaje sukan nemi kuɗin wata biyu ko uku tun gaba, dillali ma yana da lada. Kada a ba da ko dala sai an ga mai gidan ido da ido, an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, an kuma faɗi yadda ake raba kuɗin wuta da ruwa. Kowane biya a karɓi takarda. A nan ne karatun yaƙi da jahilci yake nuna amfaninsa. Mai son sayen fili ya kai takardun ofishin magajin gari a tantance, domin akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A guji gina gida a hanyar ruwa, ko cikin dajin dogon-yaro da aka fara dasawa kewayen gari a 1965, domin wurin ba na gini ba ne.

Shawararmu ita ce mai gida ya fara zuwa shi kaɗai, ya ga damina guda a unguwar, ya gaisa da mai unguwa da liman, ya yi tambaya, kana ya aika a kawo iyali. Wannan shawara ta shafi mai komawa Damagaram, inda ruwan sha yake wuya, da mai komawa Maraɗi ko Tawa. Gani ya kori ji, rigakafi kuma ya fi magani. Allah ya ba mu mazauni mai albarka.