Shin kiɗan hip-hop ya fara ja da baya?

Tun shekarar 2006, lokacin da mawaƙin nan na Amurka, Nas, ya fitar da faifan da ke cewa hip-hop ya mutu, ake tafka muhawara kan makomar wannan kiɗa da ya samo asali a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973.

Sai dai a 2017, hip-hop haɗe da R&B ya zarce rock kasuwa a Amurka.

Amma a watan Oktoban 2025, babu waƙar rap ko ɗaya cikin waƙoƙi 40 na sahun gaba a jadawalin Billboard, karo na farko tun 1990.

Sauyin ƙa'idar jadawalin, wanda ya cire waƙoƙin da suka daɗe a kai, na cikin dalilan hakan.

Wasu masu sharhi na ganin kiɗan bai mutu ba, ya dai saje ne da sauran kaɗe-kaɗe.