Ruwa Ke Tashi, Gishiri Na Nan: Bayani Ga Masu Kula Da Kifin Gilashi

Daga Zungur nake rubuto wannan, a ƙaramar hukumar Bauchi. Dalilinsa kuwa wata waya ce da ɗan baffana ya yi min daga Lekki, inda yake gadi a wani gida. Mai gidan ya yi tafiya ya bar masa amanar wani akwatin gilashi mai kifayen teku, irin masu launi kala-kala ɗin nan da ake ajewa a falo don ado. Kullum ruwan na raguwa, shi kuma sai ya haɗa ruwa da gishirin da aka bar masa ya cika. Ana nan kifi biyu suka mutu, sauran suka daina cin abinci. Muryarsa na rawa yake ce min, "Yaya, wallahi ban yi sakaci ba, aikina zai tafi."

Gaskiya ya faɗa, bai yi sakaci ba. Gishirin da yake ƙarawa ne ke kashe su.

Duk wanda ya taso gidan fataken shanu ya san kantun gishirin da ake ba dabba ta lasa. Na Bilma da ke arewa maso gabashin Nijar, yadda ake samunsa shi ne a tara ruwa mai gishiri a ramuka, a bar rana da iska su shanye ruwan, gishirin ya zauna a kwashe. Haka matan Keana da Awe a jihar Nasarawa ke yi, sai dai su a wuta suke ƙafar da nasu. Ko miya ce uwar gida ta bari ta daɗe a wuta, ai gishiri fitowa yake yi, alhali ba wanda ya ƙara ko ƙwaya. Ruwa kaɗai ke zama tururi ya bi iska, gishiri ba ya iya binsa. To akwatin kifin nan ma tukunyar miya ce, sai dai a hankali take ƙafewa.

Bari mu yi lissafi, don a nan maganar take. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. A ce akwatin na cin lita 200, gishirin cikinsa kilo 7 ke nan. Idan lita 20 ta tashi, wato jarka guda, kilo 7 ɗin na nan daram a cikin lita 180, kowace lita ta koma kusan giram 39. In ka zuba ruwa zalla lita 20, magana ta ƙare, an koma 35. In kuwa ruwan gishiri ka haɗa ka zuba, ka shigo da sabon giram 700 a kan na da. Yi haka sau 5, gishirin ya kai kilo 10 da rabi, wato sama da giram 52 a lita, ninki ɗaya da rabi na teku. Kuma abin haushin, ido ba ya gani. Ruwa tas, garau, har kana jin daɗi ka cika amana.

Me ya sa wannan ke kashe kifin da a ruwan gishiri aka haife shi? Jikin kifin teku bai kai ruwan da yake ciki gishiri ba, don haka kullum ruwan waje na tsotse ruwan jikinsa, kamar yadda nama ke tsatso ruwa in an barbaɗa masa gishiri. Shi ya sa yake shan ruwan tekun, yana fitar da gishirin ta wurin numfashinsa da ke gefen kai. Aiki ne da yake yi dare da rana. In gishirin ya ƙaru, aikin sai ya fi ƙarfinsa, ƙishirwa ta galabaitar da shi yana tsakiyar ruwa.

Ɗan baffan nawa ya ce, to ai Legas ba hunturu irin namu, ina ruwan ke zuwa? Tambaya ce mai kyau. Mu nan Bauchi, daga Disamba har bazara, iska bushewa take yi ƙarƙaf, ka shanya riga kafin ka gama karin kumallo ta bushe. Iskar Legas kuwa jiƙe take da danshi. Amma falon mai kuɗi ba iskar Legas ke cikinsa ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana tatse danshin iska, shi ne ruwan da kuke gani yana ɗiga ta bututu a bayan gida. Falon da take aiki kullum ƙaramin hunturu ne. Ga fitilar akwatin na ɗumama ruwa, ga famfo na motsa samansa, ga fanka a sama. Faɗin bakin akwatin ma na da tasiri fiye da zurfinsa, kamar yadda ruwan faranti ke riga na kwalba ƙafewa.

Abin yi ba shi da wuya. Ka sa alama da biro ko salatif a jikin gilashi daidai inda ruwan ya kamata ya tsaya, kullum ka cika zuwa nan da ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan, ba ka jira ya sauka sosai ka kwarara ba. Wanda aka tace da na'ura ya fi. Na famfo na iya zuwa da kulorin, wanda ke cutar da kifi, wasu rijiyoyin burtsatse na kusa da teku kuma da ɗan gishirinsu suke fitowa. Murfin gilashi na rage asarar sosai, amma a bar ɗan wurin shigar iska. Akwai ƙaramin ma'auni da masu sayar da kayan kifi ke kira rifiraktomita, ɗigo biyu za ka sa ka leƙa, ya nuna maka 35 ko 1.025 zuwa 1.026. Duk gidan da ke da kifin teku ya kamata a ce yana da shi, ka tambayi mai gida inda ya aje.

Wuri ɗaya ne ake zuba ruwan gishiri: idan da hannunka ka ɗebe ruwan don canzawa, ko ya zube, ko akwatin na yoyo. A nan ruwa da gishiri tare suka fita, tare za su koma. Kuma ba gishirin miya ba, nasu na musamman ne da aka haɗa da wasu sinadaran teku.

Masu kiwon tarwaɗa a tankin roba ko siminti, a nan gida ko can Kudu, ku ma abin ya shafe ku. Ni kaina na taɓa yi a ɗan tankina na bayan gida: na sa gishiri don magani, sannan duk cikon da na yi a bazara sai in ƙara wani, ina ganin kamar na farkon ya tafi da ruwan da ya ragu. Bai je ko'ina ba. Dattin kifin ma haka yake taruwa, don haka ciko ba ya maye gurbin canjin ruwa.

Shi ɗan baffana, abin da na hana shi shi ne gyara ɓarnar a rana ɗaya, domin sauyin gaggawa ma na girgiza kifi. Kullum yana ɗebe 'yar lita kaɗan ya mayar da ruwa zalla, yana duba ma'auni, wanda ashe yana cikin durowa ƙarƙashin akwatin tun farko. Na kuma ce ya kira mai gidan ya faɗa masa da bakinsa kafin ya dawo ya ƙirga kifinsa. Ya kira. Jiya ya turo min hoto, ma'aunin ya sauko 37, kifi huɗun da suka rage kuma sun fara cin abinci.