Gidajen Abincin Samaru: Kasuwar Da Ke Tafiya Da Kalandar Jami'a

ZARIYA — Duk wanda ya bi titin Sakkwato ta gaban babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a lokacin abincin rana, zai ga ƙananan gidajen abinci birjik, kowanne da irin girkin mutanensa. Bayarbiya na tuƙa amala da miyar ewedu, 'yar ƙabilar Ibo na zuba sakwara da miyar agushi ko ta ogbono, Bahaushiya kuwa na kwasar tuwon shinkafa da miyar kuka.

Tushen wannan kasuwa shi ne jami'ar kanta, wadda aka kafa a shekarar 1962, take kuma ɗaukar ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan. A da, jami'o'in tarayya ne ke ciyar da ɗalibansu a kan farashi mai rahusa, har ma ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya haddasa mummunar zanga-zangar ɗalibai a shekarar 1978. Da gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwar a tsakiyar shekarun 1980, sai hidimar ta koma hannun 'yan kasuwa masu ƙaramin jari, galibinsu mata.

Abin da mai gidan abinci ke sayarwa a nan shi ne ɗanɗanon gida. Ɗalibin da ya baro Inugu ko Ibadan yakan nemi inda zai sami miya irin ta mahaifiyarsa, idan kuma ya samu, yakan ja abokan ɗakinsa. Ta haka ne Bahaushe ke sabawa da teba, Bayarbe kuma da waina da miyar taushe, ciniki ya faɗaɗa ba tare da an kashe ko sisi a kan talla ba.

Sai dai ribar ba ta da kauri. Manja da garin rogo da busasshen kifin da ake kira okporoko duk daga Kudu ake kawo su, doya kuwa akasari daga jihohin Binuwai da Neja. Saboda haka, duk lokacin da kuɗin mota ya tashi, kamar yadda ya faru bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tukunya ce ke fara jin jiki. Tun da aljihun ɗalibi ba ya ɗaukar ƙarin farashi, sau da yawa sai a rage malmala ko yankan nama. Ga kuma littafin bashi, wanda ke jiran ranar da iyaye za su aiko da kuɗi.

Babban haɗarin sana'ar shi ne rufe jami'a. Hutun ƙarshen zango sananne ne, ana iya yi masa tanadi, amma yajin aiki ba ya sallama. A shekarar 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shafe watanni takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai sun watse da bashin da ke kansu, alhali kuɗin hayar shago bai daina tafiya ba. Asarar ta kuma shafi mahauta da masu kayan miya da masu itace da 'yan aikin wanke-wanke.

Wannan ne ya sa gidan abincin da ke son ɗorewa ba ya dogara ga ɗalibai kaɗai. Ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da na Asibitin Koyarwa da ke Shika, da matafiya masu bin hanyar Funtuwa, suna nan ko jami'a na buɗe ko tana rufe. Ga mai niyyar zuba jari, lissafin da ya dace shi ne ya tabbatar cinikin watannin karatu zai iya biyan hayar shekara guda cur, ya kuma ƙayyade bashin da zai bayar tun daga ranar da ya ɗora tukunya.