Kamu, El da Yadi: Yadda Ake Juya Awon Tufa

Ran nan ina koyar da lissafi a aji huɗu, wurin aikin gwaji, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamu nawa ne yadi ɗaya?" Na ce biyu. Ya ce, "To, kamun wa? Nawa ko naka?" Aji ya fashe da dariya, amma fa yaron ya fi ni gaskiya. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan magana tun kafin a raba mu makarantu.

Mutanen dā da jikinsu suke auna tufa. Kamu, ko zira'i, shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsan tsakiya, wajen inci 18. Taƙi shi ne buɗin tafin hannu, wajen inci 9. Gaba kuwa a miƙe hannu biyu ne, wajen ƙafa 6. Aibin wannan awo ɗaya ne: hannu ba ya zama daidai da hannu. In kamun mai sayarwa inci 17 ne, ka sayi kamu 12, to, ƙafa guda cur ta tafi ba ka sani ba.

Kada mu zaci mu kaɗai muka sha wannan wahala. Turawa ma a dā suna da wani awon tufa da suke kira el, asalin kalmar kuwa damtsen hannu take nufi, kamar kamunmu. Amma kowace ƙasa da nata. El na Ingila inci 45 ne, wato yadi ɗaya da kwata. El na Falandas, ƙasar masaƙa wadda yawancinta ke cikin Beljiyam yanzu, inci 27 ne, wato kwata uku na yadi. Na Sikotilan kuwa wajen inci 37. Suna ɗaya, tsawo uku.

To, ga dabarar da za mu koya wa yara. Kome aka ba ka, fara mai da shi inci, sa'an nan ka raba da incin awon da kake nema. Misali, wani falke ya sayi el 20 a Falandas. Sai ka ce 20 sau 27, ya zama inci 540. Raba da 36, ka sami yadi 15. Da a Ingila ya sayi el 20 ɗin, sai ka ce 20 sau 45, inci 900, wato yadi 25. Kun ga, bambancin yadi goma ke nan, alhali a takarda duka "el 20" aka rubuta. Don haka kafin ka taɓa alli, tambaya tukuna: el na wace ƙasa?

Haka kuma mita. A 1959 Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe suka daidaita a kan yadi ɗaya ya zama mita 0.9144 daidai. Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, amma 'yan kasuwar tufa ba su saki yadi ba. Turmin atamfa mai yadi 6 inci 216 ne, wato ya kasa mita biyar da rabi kaɗan. Wanda ya ɗauka yadi da mita ɗaya ne, zai yi kuskuren fiye da rabin mita a turmi guda.

Shawarata, 'yan'uwa, kada mu tsaya ga allo kawai. A kawo igiya da sandar yadi aji, kowane yaro ya auna kamunsa, ya rubuta incinsa, su gwada da juna. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ran da uwarsa ta aike shi sayen yadi, da wuya a cuce shi.