Idan Kyanwa Ta Kamu Da Ciwon Sukari

Mutane da yawa dariya suke yi idan aka ce musu kyanwa na kamuwa da ciwon sukari. Tana kamuwa kuwa, kuma wanda ya fi kama ta ɗan'uwan wanda ke addabar manyan mutane ne, wato nau'i na biyu. Jiki yana samar da insulin, amma insulin ɗin ya daina tasiri, har gaɓar da ke samar da shi ta gaji. Kyanwa mai ƙiba, wadda ta fara manyanta, mai zaman ɗaka ba ta fita farauta, ita ce a sahun gaba. Muzuru ya fi mace kamuwa, musamman wanda aka dandaƙe. A Ostireliya da Ingila an lura cewa jinsin kyanwar Burma ya fi saura shiga wannan haɗari.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Sai ka ga ta naɗe gindin kwanon ruwa, fitsari ya yawaita, tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa. Akwai kuma wata alama da ba kowa ya sani ba. Lafiyayyar kyanwa a kan yatsu take tafiya, amma idan ciwon ya taɓa jijiyoyi, sai ta riƙa dafa ƙasa da ƙafafun baya har dunduniya, tsalle ya gagare ta.

Tabbatar da ciwon aikin likitan dabbobi ne, kuma awo ɗaya bai isa ba. Kyanwa matsoraciya ce a baƙon wuri, firgitar zuwa asibiti kaɗai na iya ɗaga sukarin jininta. Shi ya sa ake duba fitsari, a kuma yi gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin makonni biyu zuwa uku da suka wuce.

Abin da ya bambanta kyanwa da kare shi ne, tana iya samun sauƙi har a daina yi mata allura, alhali kare kusan kullum yana kan insulin har ƙarshen rayuwarsa. Sai dai wannan sauƙi ya fi samuwa idan aka fara magani da wuri, kuma aka gyara abinci. A nan ne mu, masu zuba wa mage ragowar tuwo da shinkafa, ya kamata mu tsaya. Kyanwa maciyar nama ce, jikinta bai saba da sitaci mai yawa ba. Abin da ya dace da ita shi ne abinci mai yawan nama da ƙarancin hatsi, kuma na gwangwani mai danshi ya fi busasshen nan na buhu. A rage mata ƙiba sannu a hankali, domin kyanwa mai ƙiba da aka bari da yunwa kitse na iya cika mata hanta, wanda shi ma kan iya zama ajali.

Yawanci allura sau biyu ake yi a rana, tsakaninsu awa 12, a ƙarƙashin fata. Ana tattaro fatar bayan kafaɗa ko ta gefen ciki da yatsu biyu, a soka siririyar allurar, sau da yawa tana cikin cin abinci ko juyowa ba za ta yi ba. Inda haɗari yake shi ne sirinji. Insulin na dabbobi irin su Caninsulin da ProZinc ma'auni 40 ne a kowace mililita, shi kuwa Lantus na mutane, wanda likitoci ke rubuta wa kyanwa, ma'auni 100 ne. Wanda ya ja Lantus da sirinjin 40 ya ninka adadin sau biyu da rabi ke nan bai sani ba. Ajiya ma matsala ce a inda wuta ba ta tsayawa: insulin ba ya son zafi, ba ya kuma son daskarewa. Idan firiji ya mutu, a naɗe kwalbar a leda a ajiye gindin randa, nesa da rana.

Idan insulin ya yi yawa, ko aka yi allura ba ta ci ba, sukari sai ya faɗi. Za ta yi laushi, ta riƙa tangaɗi, wani lokaci har da farfaɗiya. A shafa mata zuma a dasashi nan take, kada a ɗura mata ruwa, a garzaya wurin likita. Kyanwar da ta ƙi abinci tana amai ita ma kada ta kwana a gida, a kai ta wurin likita, domin wata guba da ake kira kiton na iya taruwa a jininta. Na'urar awon sukari ta mutane tana taimakawa a gida. Ɗigon jini ɗaya daga gefen kunne ya isa, ko da yake sakamakon na'urar kan ɗan gaza na gaskiya.

Bayan allurar insulin, akwai kuma magungunan sha. A ƙarshen 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Bexacat, a 2023 kuma da Senvelgo na ruwa. Sau ɗaya ake ba da su a rana, suna sa sukari ya fita ta fitsari. Ba a ba kyanwar da ta riga ta fara insulin, kuma dole a riƙa duba kiton, musamman a makonnin farko.